Wa ya cancanci kujerar alƙali a Damagaram, kuma wane gyara za mu tambaye shi a kai?

A Nijar alƙali ba ya yaƙin neman zaɓe. Ba za ka ga hotonsa manne a bangon kasuwar Dole ba, ba za ka ji shi a rediyo yana lissafa abin da zai yi in ya hau kujera ba. Wata rana dai sai a ji an karanto sunaye daga Yamai, a wayi gari da sabon shugaban kotu a Damagaram ko Mirya ko Magarya, mutumin da yawancinmu ba mu taɓa jin ɗuriyarsa ba. Amma gobe shi zai faɗi mai gona, shi zai faɗi wanda zai riƙe yaro bayan aure ya mutu, shi zai sa hannu a wuce da mutum gidan kaso. Saboda haka ɗan takarar alƙalanci a wurinmu shi ne matashin nan, namiji ko mace, da ya gama karatun doka ya ajiye dosiyensa yana jiran ranar konkur, wato jarrabawar gasa ta ɗaukar alƙalai. Ba wanda ke tsayar da shi ya ji ra'ayinsa kan gyaran kotuna. Ni kuwa ina ganin ya kamata a ji, domin abin da jarrabawar ke aunawa ɗan yanki ne kawai na aikin da ke jiransa a jiharmu.

Hanyar da ake bi a fili take. Ɗalibi ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya shiga tsangayar shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Tawa, ko wata a ƙetare. Lisansi kaɗai ba ya kai shi, sai ya ƙara da digirin da ke gaba. Daga nan sai konkur, inda masu nema ke da yawa kujeru kaɗan. A da makarantar ma'aikatan gwamnati ta ENAM ce ke horar da waɗanda suka haye. Tun da aka kafa makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN a 2015, can ake kai su. Kusan shekara biyu tsakanin zaman aji da koyon aiki a kotuna, sannan rantsuwa, sannan a tura mutum inda aka ga dama. Ana duba shaidar ɗan ƙasa, da shekaru, da lafiya, da takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure shi ba. Duk wannan daidai ne, ban da ja a kai. Wanda ya bi wannan turba ya san dokar hukunta laifuka da ta tsarin shari'ar laifuka, waɗanda asalinsu na 1961 ne ko da yake an sha yi musu kwaskwarima. Ya san dokar zamantakewa da muka gada daga Faransa, ya san dokokin kasuwanci na OHADA da ƙasashe 17 ke aiki da su. Kuma duka da Faransanci ya koye su.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa masu baƙar rigar nan ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake makaranta ɗaya ta yaye su. Akwai mai zama ya saurara ya yanke hukunci. Akwai mai shigar da ƙara da sunan al'umma, wanda ke ƙarƙashin ministan shari'a kuma yana karɓar umarni daga sama. Akwai alƙali mai bincike, wanda ake miƙa wa manyan laifuka ya tono gaskiyarsu kafin a kai ga zama. Shekaru masu yawa, a ƙananan kotunan gundumomi mutum ɗaya ke ɗauke da duk waɗannan: shi ya tuhume ka, shi ya bincike ka, shi ya yanke maka. Dokar tsara kotuna ta 1 ga Yuni 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta tanadi a raba ayyukan. Raba su a takarda abu ne mai sauƙi, samun mutanen da za a rarraba wa shi ne aikin. Alƙalan ƙasar nan duka ƴan ɗaruruwa ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 25, kuma jihar Damagaram ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum sama da miliyan 3 da rabi.

To, sabon alƙali ya iso. Me zai tarar a kan teburinsa?

Zai tarar da sata da faɗa da cin amana, waɗannan ya karanta su. Amma tulin da ya fi tsawo na gona ne, da gado, da aure da saki, da riƙon yara, da ɓarnar dabbobi. A nan dokar ƙasa da kanta ta ce masa ya ajiye littattafan da ya sha wahalar haddacewa. A sha'anin aure da rabuwa da nasaba da gado da kyauta da wasiyya, da kuma mallakar filin da ba a yi masa rajista ba, kotu al'adar masu shari'ar take bi, muddin ba ta ci karo da yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta sa wa hannu ba, ko wata doka, ko ƴancin mutum. A hukunce-hukuncen kotunanmu za ka ga an rubuta cewa su wane da wane suna bin al'adar Hausawa da Musulunci ya ratsa. Wannan al'ada kuwa ba ta cikin wani kundi. An yi yunƙurin samar da dokar iyali a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka jingine. An sake ɗagowa a 2011, aka sake ajiyewa. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan taƙaddama, ba ita ce a gabana yau ba. Abin da ya biyo baya dai shi ne, ɓangaren shari'a da ya fi taɓa rayuwar talaka shi ne wanda alƙali ya fi ƙarancin karatu a kansa.

A ɗauki misali irin wanda duk mai zuwa kotu a ƙasar Mirya ko Matamai ya saba gani. A yunwar 1984 wani magidanci ya karɓi hatsi wurin maƙwabcinsa ya bar masa gona. Dukansu sun rasu. Yau jikokin mai gonar na cewa jingina ce, ga hatsinku ku ba mu gonarmu. Jikokin wancan na cewa saye ne, ubanmu a nan ya yi noma har ya tsufa. Ba takarda. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka kariya ɗaya suke da ita, ta kuma ce kafin a je kotu sai an bi ta wurin sarakuna an gwada sulhu. Mai gari ya gwada, abin ya ƙi. Sarkin kanto ya gwada, ya rubuta takardar cewa sulhu bai yiwu ba. Sai ga su gaban alƙalin da wataƙila a Dosso ko Tilabere ya tashi, Hausar kasuwa kawai yake ji.

Aka kira wani tsoho shaida. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da idona, kowace kaka sai an ɗauki dami ɗaya an kai gidan marigayi. Kuma gawon nan na tsakiyar gona, in za a sassabe reshe don dabbobi, sai an je an gaya masa." Ya ci gaba, ya kawo shekarar da aka daina kai damin, da wanda ya hana, da abin da mai garin wancan zamani ya ce. Tafinta ya saurara, ya juya ya taƙaita maganar a jimla biyu: shaida ya ce ya san gonar ta marigayi ce a da. Magatakarda ya rubuta jimla biyun. Alhali duk shari'ar tana cikin damin nan. Duk manomin yankin ya san wanda ya sayi gona ba ya kai wa kowa dami, kuma ba ya neman izinin taɓa itacen da ke cikinta. Alƙalin da ya san haka zai tsayar da tsohon ya ce, "Baba, dakata, wa ke ɗaukar damin, kuma a gaban wa?" Wanda bai sani ba zai wuce, ƙarshenta a ɗora wa wani rantsuwa da Alƙur'ani, abin da ke raba zumunci har jikoki. Idan aka ɗaukaka ƙara, alƙalan sama jimla biyun nan za su karanta, ba za su taɓa jin muryar tsohon ba.

Doka ba ta bar alƙali shi kaɗai cikin wannan duhu ba. In za a yi shari'ar al'ada, yana zama da mutum biyu masana al'adar masu ƙarar, waɗanda ake kira asesar, galibi malamai ne ko dattawan gari. Dole kuma hukuncin ya bayyana al'adar da aka yi aiki da ita. Rashin yin haka ya sha sa babbar kotu ta rushe hukunci. Sai dai shawara ce tasu, ba su da ƙuri'a. A nan abu biyu ke faruwa, kuma duka biyun ba su da kyau. Ko dai alƙali ya raina su ya yi gaban kansa, ko kuma, da yake bai san komai a fannin ba, ya sakar musu ragama gaba ɗaya, ya zama mai sa hannu kawai. A hali na biyu, mutanen da ba su yi konkur ba, ba su bi ta EFJN ba, kuma ƴan gari ne masu dangi da surukai da abokan gaba a cikinsa, su ne ainihin masu yanke hukunci. Akwai masu tsoron Allah da zurfin ilimi a cikinsu, na san haka, kuma da ba don su ba da kotunan karkara sun tsaya cik. Amma tsarin da ya dogara ga sa'ar samun mutumin kirki bai gama ginuwa ba.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da shari'ar Hadijatou Mani. An sayar da ita tana ƴar shekara 12 a 1996. Bayan an ba ta takardar ƴanci a 2005, wanda ya mallake ta ya ce ai matarsa ce bisa al'ada. Kotun farko a Ƙonni ta ba ta gaskiya, ta gaba ta juya hukuncin, har aka kai ga ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Dokar Nijar kuwa ta riga ta mai da bauta babban laifi tun 2003. Sai da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta zauna, a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Alƙalan da suka yi kuskuren ba jahilan doka ba ne. Sun tsaya ne a kan gaɓar da al'ada da doka ke haɗuwa, suka kasa gane inda ɗaya ta ƙare. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, nauyin gyara irin wannan kuskure ya dawo kacokan kan kotunanmu na gida.

Saboda haka tambayar farko da zan yi wa ɗan takara ita ce ta harshe da al'ada, kuma ba zan gamsu da amsar "ai akwai tafinta" ba. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. In wannan magana za ta sauko daga takarda, zauren kotu ne wurin da ya fi cancanta ta fara sauka. Ba ina nufin a fassara duk dokoki cikin dare ɗaya ba. Ina nufin a sa harshen gida cikin konkur da cikin horo, a horar da tafintoci a ɗauke su aiki na dindindin da rantsuwa, a riƙa ɗaukar muryar shaida a ajiye tare da dosiye, kuma bayan an karanta hukunci alƙali ya yi wa mutane bayaninsa da harshen da suke ji, har da yawan kwanakin da suka rage musu in suna son ɗaukaka ƙara. Mutane da yawa ba don sun yarda da hukunci suke zama ba, lokaci ne ke wuce su ba su sani ba. Kada kuma mu Hausawa mu manta jihar nan ba tamu ba ce mu kaɗai. A Gure akwai Barebari, a Tanut akwai Buzaye, a Tesker akwai Tubawa, Fulani kuwa ko'ina. Makiyayin da aka kawo kan ɓarna a bakin burtali yana da haƙƙin a ji shi da Fulatanci kamar yadda manomin ke da haƙƙin a ji shi da Hausa, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince masa da ƴancin zirga-zirga da dabbobinsa, abin da alƙali ya kamata ya sani kamar yadda ya san haƙƙin mai gona.

Zan kuma so in ji yadda yake kallon fada. Mutumin Damagaram in rigimar gado ko ta aure ta taso, ƙafarsa Birni, unguwar fadar sarki, take fara nufa, ko zauren wani malami, kafin ya tuna da kotu. Haka abin yake tun kafin Turawa su shigo garin nan a 1899. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarki ikon sulhu, ba ta ba shi ikon yanke hukunci ba, kuma sulhun da aka rubuta aka sa wa hannu yana da nauyi. Wasu matasan alƙalai na ɗaukar fada kishiya, wasu sarakuna kuma na jin zafin a ce talakansu ya tsallake su ya tafi kotu. Wanda ya cancanta shi ne mai neman takardar sulhu ta zo masa a rubuce tsaf, da sunayen shaidu da iyakokin gona, yana kuma aiki da hukumomin filaye. Ƙasar Mirya na cikin wuraren da aka fara kafa irin waɗannan hukumomi a 1994, aikinsu su ba da takardar shaidar saye ko jingina ko aro ko kyauta. Duk cinikin gonar da aka rubuta yau, an rage wa kotu shari'a guda nan da shekara talatin.

Sai maganar gidan kaso, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Doka ta ƙayyade tsarewa a hannun ƴan sanda ko jandarma zuwa awa 48, ana iya ƙara wasu 48. Ta ƙayyade zaman jiran shari'a: a ƙananan laifuka kada ya wuce wata 12, a manya kada ya wuce wata 30, ban da shari'un ta'addanci masu nasu tsari. Duk da haka, shekara da shekaru rahotanni na nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke kulle a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Yadda abin ke faruwa ba wani sirri ba ne. An kama yaro kan waya ko akuya, ko an kwashe su a samame a wata unguwa irin Kara-Kara. An kai shi gaban mai shigar da ƙara, ba lauya, ba wanda zai tsaya masa, ba takardar haihuwa da za ta nuna shekarunsa. Hanya mafi sauƙi ga ma'aikacin da dosiye ya yi wa yawa ita ce ya sa hannu a ajiye shi. Daga nan in aka sauya wa alƙalin wurin aiki, wanda ya gaje shi sai ya fara daga farko. Uwar yaron na kai tuwo kullum, tana tambayar mai gadi, "Malam, yaushe za a kira su?" shi ma bai sani ba.

An yi wasu gyare-gyare a nan, kuma adalci ne a faɗa. A 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali da shawara da mai kare su, har da ba wasu da ba lauyoyi ba damar tsaya wa wanda ake tuhuma, tun da kusan duk lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, kusan kilomita 900 daga nan. An kuma sauya tsohon tsarin da manyan laifuka ke jiran zama na musamman da ake yi jefi-jefi, aka mai da su ga sassan manyan laifuka a manyan kotunan jihohi. Amma doka ba ta buɗe ƙofar kurkuku, mutum ke buɗewa. Zan tambayi ɗan takara ko ya yarda cewa sakin wanda ake tuhuma ya jira shari'a a gida shi ne asali, tsarewa kuma togiya ce mai buƙatar hujja. Zan tambaye shi sau nawa zai riƙa shiga gidan kaso da kansa da rajista a hannu yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar ko dala daga baitulmali.

Duk abin da na lissafa, mai ilimi da ƙwazo zai iya. Akwai kuma wanda ilimi ba ya bayarwa. Malamanmu na zaure, in suka zo babin alƙalanci a fiƙihun Malikiyya, adalci suke fara ambata kafin basira da sani, kuma sun san dalili. Tsarin mulkin 2010 ya ce ba a tsige ko a kawar da alƙali mai yanke hukunci yadda aka ga dama. Amma shi dai wannan tsarin ya sa shugaban ƙasa ne ke shugabantar majalisar ƙoli ta alƙalai, ministan shari'a kuma ke gabatar da sunaye. Sauyin wurin aiki da sunan buƙatar aiki ya daɗe yana zama sandar da ake nuna wa mai taurin kai: yau kana Yamai, gobe kana can bakin hamada, ƴaƴanka na tsakiyar shekarar karatu. Ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta yi shekaru tana kuka da haka a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, kuma babban taron ƙasa kan shari'a da aka yi a Yamai a watan Nuwamba na 2012 ya tattauna batun. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine wancan tsarin mulki, aka kafa Kotun Ƙasa a madadin kotun ƙoli ta rushe hukunci da majalisar shari'ar mulki. A watan Agusta na 2025 gwamnati ta rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, har da SAMAN, tana zarginsu da kauce wa aikinsu. Lauyoyi suka ce matakin ya taɓa ƴancin shari'a. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, tambayar na nan ba a amsa ta ba: in alƙali ya yanke hukuncin da bai yi wa mai iko daɗi ba, wa zai tsaya masa?

Muna da abin tunawa a nan. A watan Yuni na 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama ta tazarce. Kafin watan ya ƙare shugaba Tandja ya rusa kotun. Sun rasa kujerunsu, amma har yau in ana neman misalin alƙalin da ya tsaya, su ake ambata. Ba kowane matashi za a nemi ya zama haka ba, shi ya sa nake ganin kariyar dole ta kasance cikin tsari: a ƙayyade shekarun da alƙali zai yi a wuri, a bayyana guraben da suka buɗe kowa ya nema, a rubuta dalilin duk sauyin da aka yi kafin wa'adi.

Wasu a majalisun hira na cewa to me zai hana mu riƙa zaɓensu da ƙuri'a, mu huta? Akwai inda ake yi. A Amurka yawancin jihohi na zaɓen wasu alƙalansu ta wata siga, ko da yake na tarayya shugaban ƙasa ke naɗawa majalisar dattawa ta tabbatar. Meziko ta zaɓi alƙalanta da ƙuri'a a watan Yuni na 2025, waɗanda suka fito kuwa ba su wuce kashi 13 cikin 100 ba sosai. Abin da ke burge ni a tsarin abu ɗaya ne: ɗan takara na fitowa ya faɗi karatunsa da ayyukansa da ra'ayinsa a bainar jama'a, a yi masa tambayoyi. Amma yaƙin neman zaɓe kuɗi yake ci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A garin da kowa ya san gidan kowa, alƙalin da wani alhaji ya buga wa hotuna ya zuba wa mai a mota, yaya zai yi ranar da aka kawo ƙarar alhajin? Makiyayin da ba ya cikin rajistar zaɓen garin kuma, wane fata zai yi gaban wanda manoma suka zaɓa? Ban goyi bayan ƙuri'a ba. Na goyi bayan a ɗauki wancan abu ɗayan, wato bayyana kai. Sabon shugaban kotu ya zauna da sarakuna da malamai da ƙungiyoyin mata da na makiyaya a farkon zuwansa, ya faɗi yawan dosiyen da ya tarar, shekara ta zagayo ya dawo ya faɗi nawa ya kammala, nawa ke kulle ba shari'a.

Ba zan tsallake cin hanci ba, don shi ne abin da kowa ke faɗa da zarar an ambaci kotu. Akwai shi. A 2011 ma'aikatar shari'a ta buɗe layin waya na kai ƙorafi, aka kuma kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta wancan lokaci, HALCIA. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawanmu in shari'a ta same mu, abin da muke fara nema shi ne wanda ya san alƙali. A ƙofar kotu akwai masu kai-komo da ke karɓar jikkuna da sunan za su kai ciki, sau da yawa alƙalin ma bai san an yi ba, in hukunci ya zo daidai su ce aikinsu ne, in bai zo ba su ce ɗaya ɓangaren ya fi bayarwa. Maganinsu haske ne. A manna kuɗin kowace takarda a bango da Hausa, da boko da ajami, a ba da rasit, a kafe jerin shari'un mako inda kowa zai gani, a kuma ba mutum kwafin hukuncinsa a rubuce cikin lokaci, domin wanda ba shi da shi a hannu ɗaukaka ƙararsa ba ta tafiya.

Maganar ɗaukaka ƙara kuwa, Damagaram na da gata da nauyi a lokaci guda. Shekaru da dama kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne kacal a ƙasar, ta Yamai da tamu, kafin a ƙara ta Tawa, kuma dokar 2018 ta tanadi kowace jiha ta samu tata. Ke nan a ɗakin ajiyar kotun nan akwai hukunce-hukuncen shekaru masu yawa kan jingina da aro da gadon gona da riƙon yara, daga ƙasar Hausa da ta Barebari har gabas. Tun da an kasa rubuta al'ada a majalisa, ga ta nan alƙalai da asesar sun riga sun rubuta ta shari'a bayan shari'a. Abin da ya rage a tattara su, a cire sunayen mutane, a ware inda hukunce-hukuncen suka dace da inda suka saɓa, a buga da Faransanci da Hausa. Jami'ar André Salifou na nan cikin gari da malamai da ɗaliban da suka san ƙauyukan nan, za su iya aikin tare da kotun. Littafin da zai fito a miƙa shi ga EFJN ya shiga darasi, a ba kowane asesar da kowane sarkin kanto kwafi, a kuma sa tambaya daga cikinsa a konkur mai zuwa.